Ɗigon Ƙamus da Dannin Murya: Sharhi a kan Koyar da Dogayen Kalmomin Ingilishi

Cikin littafinsa An Outline of English Phonetics, wanda ya fara fitowa a 1918, Daniel Jones na Jami'ar London ya yanke wa baƙon ɗalibi hukunci mai tsanani. Abin da ya nuna shi ne, galiban babu wata ƙa'ida da za ta gaya wa mutum gaɓar da a ke dannawa cikin doguwar kalmar Ingilishi, saboda haka dole ya haddace ko wace kalma tare da nata dannin. Hukuncin ya yi nauyi domin nauyin mai shi, gama Jones ne ya shirya ƙamus ɗin furucin Ingilishi na 1917, wanda malaman Turanci suka daɗe suna komawa gare shi in gardama ta tashi. To, idan babban malami ya ce babu hanya, ƙaramin malami ba ya ɓata lokacinsa wajen nemanta. Sai ya kama abin da ido ke gani, watau rarraba kalma gaɓa-gaɓa, ya bar abin da kunne ke ji.

Duk wanda ya zauna a ajin horon malamai ya san yadda darasin ya ke tafiya. Malami ya rubuta responsibility a allo, ya yanyanka ta da karan ɗori, ɗalibai su bi shi da tafi. Tafi shida, ko wanne daidai da ɗan'uwansa. An sami adadin gaɓoɓi, amma an yi hasarar kalmar, domin a bakin mai harshen gaɓoɓin nan shida ba tsara ba ne: ɗaya ce sarauniya, ɗaya waziriya, sauran huɗu kuwa a guje a ke wuce su. Hasarar kuma ba ƙarama ba ce. Brian Tiffen, cikin binciken da ya gabatar a London a 1974, ya sa Ingilishi sun saurari Turancin ɗalibai Hausawa da Yarabawa, ya tarar kurakuran danni da na tafiyar murya su ne suka fi hana fahimta, sun ɗara kurakuran baƙaƙe da wasula.

Abin da a ke nufi da danni a nan shi ne fifikon da gaɓa ɗaya ta ke samu bisa sauran 'yan'uwanta. An daɗe ana zaton ƙarfin numfashi ne kaɗai, har D. B. Fry ya gwada abin da na'ura a 1955 da 1958, da kalmomi irin su object da permit, waɗanda kan zama suna ko aikatau gwargwadon inda aka danna. Ya sami tsawon gaɓa ya fi ƙarar murya tasiri a kunnen mai sauraro, hawa da saukar murya kuma ya fi su duka. A wannan takarda za a riƙa nuna gaɓa mai danni da manyan haruffa.

Abu na farko da ya kamata a tuhuma shi ne ɗigon nan da ƙamus ke sawa tsakiyar kalma. Malamai da yawa sun ɗauke shi alamar gaɓa, alhali kuwa ba don su aka yi shi ba, don masu ɗab'i aka yi. Aikinsa shi ne ya nuna inda ya halatta a karya kalma idan saɗara ta cika. Ƙamus na Merriam-Webster ya faɗi haka a bayaninsa na gabatarwa, shaida kuma tana cikin shafukansa: kalmar idea gaɓa uku gare ta, amma ba a sa mata ɗigo ko ɗaya ba, about ma haka, saboda maɗaba'a ba ta son barin harafi ɗaya tilo a bakin saɗara. Bugu da ƙari, masu ɗab'in ba su ma yarda da juna ba. Tsohuwar al'adar Oxford, wadda ta gaji ƙa'idodin da Horace Hart ya tsara wa ma'aikatansa a 1893, ta fi karkata ga asalin kalma, sai ta yanka know-ledge da demo-cracy. Amurkawa suka bi furuci, suka yanka knowl-edge da democ-racy. Ɗalibin da aka kayar don ya saɓa wa ɗayan biyun, an kayar da shi ne a kan sana'ar da ba ita ya zo koyo ba.

In an bar ɗigo aka koma ga gaɓar baki, nan ma ƙasa ba ta da tauri kamar yadda darasin tafi ya ke nunawa. Bahaushe ya saba da harshen da gaɓarsa ba ta da shakka. Siga uku ce kurum: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Yaro ɗan aji biyu zai raba ma-ka-ran-ta ko ƙar-fi, ba wanda zai yi masa gardama. Ingilishi ba haka ya ke ba. Peter Roach ya nuna cewa baƙaƙe huɗun da ke tsakiyar extra ana iya yanka su ta wuri biyar, sai an zo da hujja kafin a zaɓi ɗaya. Kalmar petrol, wadda ta ba Hausa fetur, J. C. Wells ya raba ta petr-ol cikin ƙamus ɗinsa na Longman na 1990, domin a ganinsa gaɓa mai danni ita ke janye baƙaƙen da ke kusa da ita. Waɗanda suka sabunta ƙamus ɗin Jones a 1997 suka ce pet-rol. Daniel Kahn kuwa tun 1976 ya ce baƙin da ke tsakiyar kalma irin happy na gaɓoɓin biyu ne gaba ɗaya. Abin lura a nan shi ne, a Ingilishi danni ne ke shata iyakar gaɓa. Wanda ya fara da yanka kafin ya san danni ya soma gini daga rufi.

Akwai kuma wata ɓarna da yankan allo ke yi wa Bahaushe musamman. Ya ga hap-py, ko com-mit-tee, sai ya karanta su yadda ya ke karanta han-nu da bab-ba, ya ninka baƙin da gaske, gama a Hausa harafi biyu sauti biyu ne. A Ingilishi kuwa p ɗaya ce a ke furtawa cikin happy, ta biyun rubutu ne kawai, alama ce ta gajartar wasalin da ya gabata. Inda a ke jin ninki na gaskiya shi ne irin unnatural da misspell, inda ɗafa-goshi ya ƙare da baƙin da saiwa ta fara da shi. Watau ba a iya sanin wane ninki ne na baki, wane ne na alƙalami, sai an san yadda aka ƙera kalmar.

Ƙira ita ce rabo na uku, kuma sau da yawa ba ta bin sawun gaɓa. Helicopter a baki he-li-cop-ter ce, amma wanda ya ƙirƙiro ta a Faransa a 1861 ya haɗa kalmomin Girka biyu ne, helico mai nufin murɗaɗɗen abu da pter mai nufin fiffike. Masu harshen da kansu sun mance da wannan, shi ya sa suka gutsuro copter da heli suna ƙera sababbin kalmomi da su. (Bahaushe ya huta da wannan rikici da ya ce jirgi mai saukar ungulu.) Irin wannan ya faru ga liman, wadda a ke rabawa li-man, alhali a Larabci iyakar ta faɗa ne bayan lam ɗin al-imam. Ashe dai rabo uku ne daban-daban, na maɗaba'a, da na baki, da na ƙira, darasin allo ya cusa su cikin tukunya ɗaya.

Roger Kingdon, da littafinsa The Groundwork of English Stress na 1958, shi ne ya ba da amsa mai ƙwari ga hukuncin Jones. Bai yi dogon musu ba. Ya tara kalmomi ne, ya jera su bisa ga ɗafinsu, sai tsari ya bayyana da kansa. Ya kasa su gida uku, masu ƙirar Latin da Faransanci, masu ƙirar Girka, da harɗaɗɗu irin na Ingilishi tsantsa, ya bi ɗafa-ƙeya ɗaya bayan ɗaya yana nuna abin da ko wanne ke yi wa danni. Abin da malami zai ɗauka daga aikin shi ne ɗafa-ƙeya hali uku gare su. Akwai waɗanda ba su taɓa danni ko kaɗan, kamar -ness, -less, -ful, -ly da -ing: CAREless, CARElessly, CARElessness. Yawancinsu gadon tsohon Ingilishi ne, daga zamanin da a ke danna gaɓar farko ta saiwa, kafin Normandawa su ci ƙasar a 1066 kalmomin Faransanci su kwararo. Akwai waɗanda ke ɗauke dannin su aza a kansu, kamar -ee, -eer, -ese da -esque: refuGEE, engiNEER, JapaNESE. Sa'an nan ga gida mafi amfani, na waɗanda ke jawo danni zuwa wurin da suka ƙayyade. -ic, -ity, -ion, -ial da -ian suna aza shi a gaɓar da ke gabansu: ecoNOmic, aBIlity, eduCAtion, coLOnial, poliTIcian. Haka -graphy, -logy da -cracy. Aikatau masu gaɓa uku ko fiye da suka ƙare da -ate kuwa, sai a ƙirga biyu baya daga gaɓar ƙarshe: EDucate, inVEStigate, comMUnicate. Da wannan kaɗai PHOtograph, phoTOgraphy da photoGRAphic sun daina zama abubuwa uku na hadda, sun zama saiwa ɗaya da ƙa'ida biyu.

A nan ne malamin Hausa ya ke riƙe da mabuɗin da Kingdon bai san da shi ba. Abin da ɗafa-ƙeyan Ingilishi ke yi wa danni, ɗafin Hausa yana yi wa karin sauti. A ɗauki saiwa ɗaya. Karanta tana da karin sama, ƙasa, sama. Makaranta duk sama ce, gaɓa huɗu. Makaranci, sama, ƙasa, ƙasa, sama. Makarantu, ƙasa, ƙasa, ƙasa, sama. Saiwar ba ta sake ba, ɗafin ne ya zo da nasa karin ya shimfiɗa bisa kalmar duka. Amma a ce makarantar gari ko makarancin sarki, -r da -n ba su taɓa karin kalmar ba. Paul Newman ya rarrabe waɗannan iri biyu na ɗafin Hausa a wata maƙala ta 1986, kuma rabon nasa ya yi kama ƙwarai da rabon -ity da -ness. Ɗalibin da bai taɓa kuskuren karin makarantu ba tun yana goye ba ya bukatar a rinjaye shi cewa wutsiyar kalma na iya juya muryar kalma. Abin da ya ke bukata a gaya masa wace wutsiya ce ke yin me. Abin mamaki ne yadda sashen Hausa da sashen Turanci kan zauna ƙarƙashin rufi ɗaya shekara da shekaru, ba wanda ya miƙa wa wani wannan misali.

Ƙira tana kuma bayyana danni na biyu, watau wazirin da aka ambata. Cikin responsiBIlity, -ity ta ƙayyade babban danni, amma gaɓar spon ba ta faɗi ƙasa ba, ta riƙe ragowar darajar da ta ke da ita cikin reSPONsible. Don haka examiNAtion ke da ƙaramin danni a gaɓa ta biyu, daga exAMine, organiZAtion kuwa a ta farko, daga ORganize. Doguwar kalma ba ta mance uwarta.

Duk da haka littafin Kingdon yana da rauni, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Na farko, littafin jeri ne, ko wace ƙa'ida tana jan zugar togaciya a bayanta, mai karatu kuwa ba ko yaushe ya ke samun dalilin togaciyar ba. ARabic, CAtholic, RHEtoric, LUnatic, HEretic da aRIthmetic sun saɓa wa ƙa'idar -ic, amma ba barkatai suka saɓa ba. Tsofaffin baƙi ne da suka shigo ta Faransanci tun zamanin tsakiya, suka zauna har danninsu ya koma baya, kuma yawancinsu a matsayin suna a ke amfani da su. Da zarar an ƙara -al sai su dawo kan hanya: rheTOrical, heREtical. TElevision ta saɓa wa -ion, comMIttee da COffee sun saɓa wa -ee, ADmirable ta bar dannin adMIRE. Waɗannan kam sai hadda, a nan Jones yana da gaskiya. Amma haddace 'yan kalmomi da suka fita daga garke daban ne da haddace garken duka.

Rauni na biyu ya fi girma. Ƙarfin littafin yana ga ɗafi, inda babu ɗafin da za a kama sai haskensa ya ragu. Me ya sa a ke cewa aMErica da CInema, amma aGENda, veRANda da hoRIzon? Amsar tsohuwar ƙa'idar Latin ce: a duba gaɓa ta biyun ƙarshe, in mai nauyi ce ta ɗauki danni, in marar nauyi ce danni ya tsallake ta zuwa wadda ke gabanta. Chomsky da Halle ne suka kafa wannan a kan sunayen Ingilishi cikin The Sound Pattern of English a 1968, ko da ya ke sun yi ta kewaye-kewaye da jerin baƙaƙe da wasula, domin ba su ba gaɓa gurbi a tsarinsu ba, littafin kuma ba na ajin horon malamai ba ne ko kusa. Sai Erik Fudge ya haɗa hanyoyin biyu cikin English Word-Stress a 1984, ya ɗauki ɗafi daga Kingdon, ya ɗauki nauyin gaɓa daga ɗaya ɓangaren. Nauyin gaɓa kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A kansa a ke auna rubutacciyar waƙa, kuma maƙalar Newman ta 1972, wadda ta taimaka wajen yaɗa batun tsakanin masana harshe, da Hausa da danginta na Cadi ta kafa hujja. Wanda ya san ran cikin makaranta ta fi ka nauyi, zai gane abin da ya raba gen ta agenda da ri ta America ba tare da wahala ba.

Sai dai a yi hattara da wannan ƙa'ida, kada a sayar da ita fiye da kuɗinta. CAlendar, CYlinder da CHAracter suna da gaɓar tsakiya mai nauyi amma danni ya tsallake ta, vaNIlla da KenTUcky kuwa akasin haka. Kuma nauyin a baki a ke auna shi, rubutun Ingilishi kuwa ba ya nuna tsawon wasali. Wanda bai taɓa jin horizon ba, ba abin da zai gaya masa cewa i ɗinta tagwan wasali ce. Ƙa'idar ta fi ƙarfi inda baƙi ya rufe gaɓa, domin shi ido na ganinsa.

Da sauran wani tarko, wanda kamancen Hausa da Ingilishi kansa ke ɗanawa. Kunnen Bahaushe yana jin dannin Ingilishi a matsayin karin sama, kalmomin aro kuma sun shaida: gwamna, soja, tebur da mota duk sama ne sa'an nan ƙasa, kwamishina kuwa ta fara da ƙasa ta hau a kan mi, daidai inda comMIssioner ke da danni. William Leben ya yi nazarin wannan a 1996. Jin nan ba kuskure ba ne, tun da Fry ya nuna hawan murya shi ne babbar alama. Amma rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne raunana gaɓoɓin da ba a danna ba. Cikin photograph wasalin farko cikakke ne, na biyu ya shanye. Cikin photography sai su yi musanya, na farko ya shanye, na biyu ya cika. Ɗalibin da ya ɗaga murya a wurin da ya dace, amma ya ba ko wane o haƙƙinsa kamar yana karanta Hausa, ya sa hula daidai ne bisa rigar da ba tata ba. Har akwai gaɓoɓin da kan ɓace ɗungum: comfortable da vegetable uku-uku a ke jin su a bakin yawancin masu harshen, ba huɗu ba, nan kuwa tafin aji ya ƙirga abin da babu. Sa'ar da aka yi, gajeren a na tsakiyar kalmar Hausa, irin na farkon gari ko dare, ya yi kusa ƙwarai da raunannen wasalin Ingilishi, malami na iya farawa daga gare shi.

Game da al'adar tura danni ƙarshen aikatau, a ce eduCATE ko recogNIZE, wadda David Jowitt ya bayyana cikin Nigerian English Usage a 1991, ba a nan za a yanke mata hukunci ba. Ta zama ruwan dare a Turancin Nijeriya, 'yan ƙasa kuma suna fahimtar juna da ita. Amma wanda zai koyar ya kamata ya san sigogin biyu, ya san wadda jarrabawa ke nema, ya zaɓa da saninsa.

Kalmomin nan na gasa da yara ke son jefa wa malami su ne mafi sauƙi in an bi ta ƙira. Antidisestablishmentarianism harafi 28 ce, gaɓa 12, ta ƙarshe ma m ce kaɗai, ba wasali a rubuce. A fara da eSTAblish, a ƙara dis- da -ment, danni bai motsa ba. A ƙara -arian, sai ya tashi ya koma TAR. -ism da anti- ba su ƙara motsa shi ba. Ma'anar ma tana warwaruwa ta wannan hanya: adawa da raba coci da gwamnati, gardamar da ta yi zafi a Birtaniya lokacin da Gladstone ya zartar da dokar cocin Ailan a 1869. Ita kuwa mai harafi 45 ɗin nan da a ke cewa sunan ciwon huhu ce, wadda ta fara da pneumono-, an ƙirƙiro ta ne a 1935 a wata ƙungiyar masu wasan kacici-kacici ta Amurka don ta yi tsawo kawai, ba ta cancanci minti biyar na darasi ba. Gara a kashe lokacin a kan NAtion, NAtional, natioNAlity da nationaliZAtion, inda ɗalibi zai ga danni na tafiya, ya kuma ji dogon wasalin nation ya gajarta cikin national, kamar yadda ya ke yi tsakanin divine da divinity.

Mai duba takardun jarrabawa kuma ya san akwai kalmomin da masu harshen ba su daidaita a kansu ba. Ingila na cewa laBOratory da adVERtisement, Amurka na danna farkon ta farko, ta kuma ba ta biyu wani dannin daban. Balcony da tsakiya a ke danna ta har farkon ƙarni na 19. CONtroversy da conTROversy duka suna raye a Ingila, haka KIlometre da kiLOmetre, Wells kuma ya kawo ko wacce cikin ƙamus ɗinsa, har da sakamakon tambayar da ya yi wa masu harshen a kan wadda suka fi so. Idan irin waɗannan suka faɗo cikin tambayoyin furuci, amsa biyu ce daidai, takardar maki kuwa gurbi ɗaya ta ke bayarwa.